Ginshiƙin da Ba Ya Ɗauke da Komai

"To a rushe shi mana! Gadon gidanku ne?"

Muryar Uwar Biyu ke nan da sanyin safiya, ta ratso bangon da ya raba ɗakina da nasu. Bangon siriri ne, magini kuma ya yi rowar siminti, saboda haka duk abin da aka tattauna a wancan gefen da ni ake yi, ko ban so ba.

"Ki iya bakinki," in ji mijinta. "Kakannin garin nan ne suka gina shi."

"Sun gina shi, sun manta abin da ya sa suka gina shi. Dutse tsaye a tsakiyar coci kamar baƙon da ba a nuna wa wurin zama ba. Amarya ta zo ta kauce masa, gawa ta zo a kauce masa. Ranar jana'izar mai burodi saura ƙiris a kifar da bawan Allah."

"Tarihi ne."

"Tarihin wa? Baban Biyu, ni za ka karanta wa tarihi? Ni da muka zauna bayan abin nan tare, cikina ya kai nan?" Na ji ta buga murfin tukunya. "Ba ginshiƙi kake karewa ba, fushinka kake karewa. Tsoro kake yi in an kawar da dutsen nan, yayanka ya ɗaga ido ya ga ba komai a wurin sai wani tsoho mai sanƙo a bencin baya."

Na ji ya ja akwatin kayan aikinsa, kusoshi suna kaɗawa a ciki, ya fita ya turo ƙofa a hankali, irin turowar da ta fi bugawa zafi.

A gida Baban Biyu ne. A gari kuwa Na-Baya ake ce masa, har yaran da ba su san dalilin sunan ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tabaraunsa ɗaure da baƙin zare, kuma ko wanka ya fito ƙanshin man keke yake yi. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin kantin magani da shagon aski. Kawunan kekuna baƙaƙe suna jere a kan kanta, waɗansu masu su sun mutu, waɗansu sun manta, shi kuwa ba ya zubar da komai. Yana da gwangwanin madara cike da kusoshi, da burushin haƙori na share ƙura, da ƙyalle guda da yake gwada ɗinki a kai, wanda layukan zare suka cika har ya yi tauri kamar fata. In an kawo masa keke ba ya taɓa shi sai ya sa mai shi ya taka ya saurara, ido rufe. Amma yawancin aikinsa ba a shago yake ba. Gida-gida yake bi, domin kusan kowace matar aure a garin tana da keke a kusurwar ɗaki, an rufe shi da zane an ɗora hoton biki a kai. Babu tsakar gidan da bai sani ba.

Cocin da ake rigima a kansa ya girmi kowa da komai a garin, in ban da rafin da aka ɗebo duwatsunsa. A bana yake cika shekara ɗari. Bangonsa kauri gare shi, har mutum zai iya zama a bakin taga ya miƙe ƙafa. Tagogin dogaye ne sirara, masu tsini a sama kamar an haɗa tafin hannu biyu. An ce da can duk gilashi mai launi ne. Yanzu saura ɗaya, mai hoton makiyayi ɗauke da tunkiya, ita ma kan tunkiyar ya fashe an liƙa gilashin kanti a gurbinsa, don haka makiyayin ya daɗe yana rungume da dabba marar kai, babu wanda abin ya dama. Rufin kwano ne a kan manyan katakai baƙaƙe da suka haɗu a sama kamar haƙarƙari. Hasumiyar gajera ce, don magina sun gaji kafin su kai inda suka nufa, ƙararrawar cikinta kuma ta tsage, in an buga ta sai ka ce bokiti aka jefa a rijiyar da ba ruwa. Daga baya an ƙara ofishin fasto da bulo a gefe, ya manne wa tsohon ginin kamar faci a rigar biki.

Sai ginshiƙin. Yana tsaye can wajen baya, ya ci rabin hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa bagade, teburin ibada da ke can gaba. Mutum biyu ba za su rungume shi ba. Ya tashi da ƙarfin hali, ya wuce tsayin ƙofa, sannan ya tsaya haka nan, ya bar fili tsakaninsa da rufi inda jemagu ke shawagi. Ba ya ɗauke da komai.

Abin da aka sani game da shi kaɗan ne. Limamin farko, wani baƙo mai son waƙa, ya so a yi bene a baya inda mawaƙa za su tsaya. An tayar da ginshiƙi ɗaya, zazzaɓi ya ɗauke limamin. Wanda ya gaje shi ba ya son waƙa, yana ganin ko daga ƙasa ma ta yi yawa. Rushewa kuma aiki ne. Aka bar shi.

Dattawan wancan zamani ba sa son ganin abu yana zaman banza, sai suka samo masa aiki. Suka sa ɗan gajeren benci a bayansa, wurin ya zama wurin horo. Duk wanda ya yi laifin da ya kai a faɗa, za a karanta sunansa a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da masu bi ke karɓa, ya koma can ya zauna na 'yan watanni. Yana jin wa'azi, ba ya ganin mai wa'azin, mai wa'azin ma an hutar da shi ganinsa. Mashaya sun ɗumama bencin nan, da masu dukan mata, da wata mawaƙiya da ta mari 'yar'uwarta mawaƙiya a tsakiyar amshi.

Na-Baya ba ɗan baya ba ne. Auta ne a gidan da bencinsu na biyu daga gaba, don kakansu yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun a ka. Yayansa malamin makaranta ne, kuma a shekarar da Auta ya yi aure aka naɗa yayan dattijon coci, mafi ƙuruciya da aka taɓa yi. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, ya zama Dattijo. Bikin ya yi kyau. Matsalar ita ce cikin amarya ya riga lissafi, kuma duk matar da ke da yatsu ta ƙirga.

Tsohon fasto mutum ne mai son zaman lafiya. Ya ce yara sun riga sun yi aure, a kira su ofis a yi musu faɗa a rufa asiri. Dattijo ne ya ƙi. Ya ce kada a ce sabon dattijo ya fara da son kai. Ya kuma ce shi da kansa zai karanta sanarwar. Ya miƙe ranar Lahadi da muryarsa ta aji, ya kira cikakken sunan ƙaninsa da na amarya, ya faɗi laifin da sunansa. Yana tsaka da faɗi lasifika ta ɗauke. Da ta dawo sai ya koma farko ya maimaita, don na baya su ji.

Mutane sun yaba masa ƙwarai. Har yau in ana maganar riƙon gaskiya a garin, da ranar nan ake misali. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko gaskiyar ce yake so ko yabon, kuma ina jin shi ma bai tambayi kansa ba sai da gashinsa ya yi fari.

Wa'adin horo ya cika. Amarya ta haifi 'yan biyu, ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya, ta koma bencin gidansu ba ta waiwaya ba. Mijinta bai motsa ba. Tsohon fasto ya ce masa ya dawo gaba, ya ce, "Baba, nan ma ana jin Maganar Allah." Mahaifiyarsu ta roƙe shi har ta koma ga Mahaliccinta. Al'adar horon kanta ta mutu, babu wanda aka ƙara turawa can, amma bencin bai tashi ba, don akwai mutum a kai. Shekara talatin da wani abu ke nan.

Ba su taɓa yin faɗa ba, shi da Dattijo. Da sun yi, da an sasanta su. Suna gaisawa a jana'iza, suna tambayar juna iyali, kowa yana kallon kunnen ɗan'uwansa. Amma kujerun dattawa suna gefen mumbari ne, suna fuskantar jama'a, kujerar Dattijo kuwa saitin ginshiƙin take. Duk Lahadi in ya ɗaga ido daga littafin waƙa, abin da yake gani dutse ne, da gwiwar hannu ɗaya, da takalmi ɗaya da ya leƙo. Na-Baya ya san haka sarai. Shi ya sa takalminsa na dama ya fi na hagu shan goga.

Sai aka kawo sabon fasto, matashi mai fararen haƙora da dogon buri. Ya zo da kamara, ana watsa sujada kai tsaye, don waɗanda suka bar gari su gani, da kuma, ko da yake bai faɗa ba, waɗanda ke raba manyan coci-coci a birni. Da ya kalli hoton farko ransa ya ɓaci. Ginshiƙin ya cinye jama'a da yawa, kuma idon mai kallo a kansa yake fara sauka kafin ya nemo fasto. Ya kawo maganar a kwamitin bikin shekara ɗari, cikin ladabi, yana zagaye-zagaye, don ya san tsofaffi da tsohon abu. Bai kai ƙarshen jimla ba shugaban kwamiti ya ce ya goyi baya. Dattijo ne shugaban. Ya tsufa yanzu, sanda a hannu, likita ya hana shi gishiri. Ba zai iya buɗe baki ya amsa kuskurensa a gaban ƙaninsa ba, amma zai iya sa hannu a kawo guduma.

Wannan labarin ne ya jawo faɗan da na ji ta bango. Daga wannan safiya kuma mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya kalli rufin cocin ba ya zama masanin gine-gine.

Ya fara da cewa ginshiƙin ne ke riƙe da rufi. Fasto ya kira injiniya. Injiniyan ya kafa tsani ya hau, ya shafa saman dutsen, ya sauko da ƙura da kashin jemage da wata hular da ta ɓata tun zamanin tsohon fasto.

"Baba," ya ce, "tsakaninsa da rufi, ko ni zan iya tsayawa."

"Abin da yake ɗauke da shi ba da ido ake ganinsa ba," in ji Na-Baya. "Ɗana, ni keke nake gyarawa. Ban taɓa ganin kusa ta banza a cikin keke ba. Ka cire wadda kake ganin ba ta da aiki, ranar ɗinkin amarya za ka sani."

Injiniyan ya karkaɗe wandonsa ya tafi, yana ganin ya gama. Bai san ba da shi ake yi ba. Washegari Na-Baya ya ɗauki akwati ya shiga gari.

Yadda yake yi ke nan. Ya zauna a tsakar gida, ya kwance keken mutane gaba ɗaya, ya jera kayan cikinsa a kan tire. Sai matar gida ta ga kekenta ya zama tarkace, ba ta da inda za ta, sannan ya fara. Ya ce wa matar mai kantin magani a shekarar babbar ambaliya mutane sun rungumi ginshiƙin nan ne suka tsira. Ya ce wa shugabar mawaƙa matan farko kowace ta cire ɗan kunnenta ta jefa a harsashinsa. Ya ce wa wata gwauruwa mai saurin kuka wai Kirista na farko a garin a jikinsa yake jingina goshi yana addu'a, har dutsen ya lotsa, in ba ta yarda ba ta je ta shafa. Ta je ta shafa, ta ji lotsawar, ta fashe da kuka. Ƙeyar Na-Baya ce ta yi wannan lotsawar, ko aƙalla ita ta goge ta har ta yi santsi. Kuma ba ya ɗaure kusa ta ƙarshe sai ya ji matar gida ta ce, "Kai, ai kuwa bai kamata a taɓa shi ba."

Labari ɗaya ne ba shi ya ƙirƙira ba, kuma shi ya fi duka aiki. Wata amarya da ta daɗe tana jiran haihuwa ta zauna ta yi nata lissafin. Wace mace ce aka sani ta zauna bayan ginshiƙin? Uwar Biyu. Me ta samu? Matan yanzu ba su san horo ba, sun dai san sakamako. Kafin a ankara, in an tashi sujada sai ka ga mata suna wucewa ta jikin dutsen a hankali, kamar hanya ce ta matse, hannu yana shafa shi a ɓoye. Wata ta tare Uwar Biyu a bakin famfo, tana murza gefen zane.

"Mama, don Allah ba raini ba. Da wane hannu kika taɓa shi?"

Uwar Biyu ta sauke bokiti ta dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, ba ginshiƙi na taɓa ba."

Yarinyar ta tafi ta gaya wa sauran cewa Mama ta ƙi faɗin sirrin.

Da yake ginin tsoho ne, dole aka sanar da ofishin kula da kayan tarihi. Suka turo wata mata mai lebur ɗin takalmi da ƙaramin rikoda. Ta auna tagogi, ta ɗauki hoton tunkiya marar kai, sannan ta zauna a shagon Na-Baya a kan kujerar abokan ciniki. Ta riga ta ji labarin ambaliya a kantin magani, ta ji na 'yan kunne a wurin shugabar mawaƙa. Shi kuma ya ba ta sabo, wanda ko ni ban taɓa ji ba, game da wata kurciya. Ta kashe rikodan.

"Baba, yanzu wanne zan rubuta?"

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Wanne ya fi hana guduma?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita dai a ganinta ginshiƙin bene ne da ba a ƙarasa ba, kuma abin da ba a ƙarasa ba ma tarihi ne, za ta ba da shawara a bar shi. Amma cocin na masu coci ne, su za su yanke. Da za ta tafi ta ce masa, "Wanda ba ka faɗa mini ba, ina jin shi ya fi daɗi." Ya ce ta gaida gida.

Aka kira taron jama'a bayan sujada. Dattijo ya miƙe a kan sandarsa ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce ginshiƙin yana tsare hanya, yana tsare haske, yana tsare ido. Ya ce ya raba 'yan'uwa, sannan ya yi tari ya gyara, ya ce yana nufin 'yan'uwa cikin Ubangiji, na gaba da na baya. Ya tambaya ko akwai mai magana.

"Akwai."

Muryar daga bayan dutsen ta fito. Kowa ya juya, ba a ga kowa ba.

"Mai magana ya fito a gan shi," in ji fasto.

"Daga nan aka ce in riƙa jin magana, daga nan zan yi ta."

Tsofaffin da suka san zancen suka sunkuyar da kai. Matasa suka ɗauka wata hikima ce, wani ma ya ce amin. Na-Baya ya yi magana a kan kakanni da duwatsun rafi, da wuyan da suka sage wajen ɗauko su. Ya ce mutanen da suka rushe abin da ya dame su da kallo, gobe za su ce ba a taɓa yin sa ba. Ya ce akwai abin da aka kafa a gaban jama'a, ba a kawar da shi ranar Litinin da leburori, lokacin da babu kowa.

"Auta," in ji Dattijo.

Rabon da a ji wannan suna a bakinsa, tun mahaifiyarsu tana da rai.

"Shugaba," in ji muryar, "a kira ni da sunan da aka karanta. Har sau biyu aka karanta shi, ba na jin an manta."

Dattijo ya zauna. Aka ce masu son a bar ginshiƙi su ɗaga hannu. Hannuwan mata suka tashi kamar an yi musu fito, waɗansu har biyu-biyu. Mazajensu suka dubi hagu suka dubi dama, suka bi. Fasto ya kalli dajin hannuwan nan, fuskarsa ta sauya a gabanmu. Ya ce shi ma tun ranar da ya shigo ya ji wani abu a jikinsa game da dutsen nan, ya kawo maganar rushewa ne don ya gwada zuciyar jama'a. Ya ce za a shafe shi da farar ƙasa, a sa masa fitila, kuma wa'azin ranar biki a kansa zai kasance. Ya riga ya hango baƙi a motoci.

Na-Baya ya ci nasara. Kwana da kwanaki ina jin sa ta bango yana rera waƙar sujada, shi da ba a taɓa jin muryarsa a amshi ba. Uwar Biyu ta jure iya jurewa, ranar nan ta yafa gyale ta nufi gidan Dattijo. Abin da ya faru can ita ta ba da labarinsa a bakin famfo, da muryar da ba ta buƙatar lasifika.

Ta same shi a baranda, ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ta miƙe.

"Yaya, ni na yafe tuntuni. Ba don halin kirki ba, yara biyu ne a hannuna, ban sami lokacin fushi ba. Ƙaninka kuwa ya sami lokaci."

"Abin da doka ta ce na yi."

"Doka ta ce ka maimaita?"

"Lasifika ce ta..."

"Yaya, ka ji tsoron Allah, ka bar lasifika ta huta. Ka so guduma ta nema maka gafara, ya hana. Yanzu ga shi can yana waƙa kamar ango, ni ce nake shan waƙar."

Ya ce, "To me zan ce masa?"

"Kai malami, ni zan koya wa magana? Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Wurin nan da ka tura mu, ka taɓa sanin yadda yake?"

Ta ce daga nan ta ba shi haƙuri in ta yi rashin kunya, ta dawo gida ta dafa abinci.

Ranar biki cocin ya cika har bakin tagogi. An wanke duwatsu, an ɗaura ƙyallaye a jikin katakan rufi, an zo da babban baƙo daga birni. Na-Baya, wanda kullum yake riga mai buga ƙararrawa zuwa, ya makara. Telan da ke ɗinka sababbin rigunan mawaƙa ne kekensa ya cije da safe, saura hannuwa ba a haɗa ba, aka zo aka ɗauke shi a guje. Da ya iso an riga an fara waƙar farko. Ya hau matakala yana goge man keke a hankici.

Mai aski, maƙwabcinsa na shago, shi ke tsaron ƙofa ranar Lahadi. Ya tare shi da hannu, ya rage murya.

"Na-Baya, yau an riga ka."

Daga gaba ba a ganin abin da ke bayan ginshiƙin, amma daga ƙofa ana gani sarai. Dattijo ne zaune a ɗan gajeren bencin, cikin babbar rigarsa ta biki, sanda tsakanin gwiwoyi, kafaɗa jingine da dutsen. Can gefen mumbari kujerarsa tana nan fayau, kusa da babban baƙo, wanda yake ta kallonta yana kallon fasto. Jama'a suna waƙa da ƙarfi fiye da kima, kowa wuyansa ya ƙage don ƙoƙarin kada ya waiwaya. Mai kamara, da yake ba ɗan garin ba ne, ya juyo da ita baya ba kunya.

Ko tuba ce ta kai Dattijo can, ko kuwa tsohon halin ne, na mutumin da ba ya iya yin abin kirki sai da 'yan kallo, ban sani ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Abin da na gani shi ne Na-Baya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙeyar yayansa. Shekaru yana nuna wa mutumin nan takalmi, bai taɓa ganinsa ta baya ba. Wuyan ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa, kunnuwan sun fito kamar na wanda aka yi wa aski da yawa. Bencin ya yi masa ƙasa, gwiwoyinsa sun tashi, da gani ka san tashi zai yi masa wuya.

"Akwai wuri a bencinku na gaba," in ji mai aski. "Uwar Biyu ta ajiye jaka."

Na-Baya bai ko dubi wajen ba. Ya juya ya kalli matakala da titin da ya biyo, har ya sauke ƙafa ɗaya. In ya koma gida, fushinsa yana nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa masa shi. Ya tsaya haka har aka gama baiti, aka shiga wani. Sannan ya dawo da ƙafar, ya ninke hankicin ya tura a aljihu.

"Ka gan shi ko?" ya ce wa mai aski. "Har neman gafara sai da taro."

"To yanzu fa?"

"Je ka ce masa ya matsa. Kuma ya ɗauke kafaɗarsa daga jikin dutsen nan, farar ƙasar kama riga take yi."